Buhu Biyu a Bayan Jar Mota

Litinin, 10 ga Oktoba, 2022

Yaron ya dawo daga Kwatano. Shekara huɗu yana tuƙo motocin mutane zuwa Maraɗi, yau ya tuƙo tasa. Ja ce wur, ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru, kuma da baya take ja. Madarumfa kaf ta taru a ƙofar garaji, har masunta sun bar kifinsu sun zo kallo.

Na ce yaron, don ɗan farina ne. Shekararsa ashirin da shida ban taɓa kiran sunansa ba, ko a wannan kaye da nake rubutu a ciki, wanda ba mai karantawa sai ni. Haka ubana ya yi mini har ya koma ga Allah. In magana ta kama tsakaninmu, yayata Inde ce ke kaiwa da kawowa, ita ta goye shi tun yaye.

Na danna gaban motar da hannu, ta yi ta lilo kamar kwale-kwale a tafki. Amortisa huɗun, masu shanye girgizar ƙafafu, duk sun mutu.

Laraba, 12 ga Oktoba

Inde ta zo garaji da wayarsa a hannu, shi yana tsaye can bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Wai ya binciko kayan ƙafar da aka yi musamman don irin wannan mota: amortisa huɗu da rasor huɗu, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, duk 'yan gida ɗaya, gaba da baya an auna su tare, don motar ta riƙe ƙasa a kwana. Wai a Kano ake samu, in an ba da lambobinsu.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin ina ɗaure bayan mota. Duk motar da ke ɗauko bido arba'in, jarkokin mai, daga Ɗan Issa ba ta durƙusa ba, hannuna ne a ƙarƙashinta. Yau waya ce za ta koya mini rasor?

Na ce wa Inde, "Ki gaya mishi mota ƙarfin baya taka so. In baya ya tsaya, komi ya tsaya."

Ta ce, "Illo, ai ga shi nan tsaye, kunnuwanshi ba su toshe ba."

Ya ce a hankali, "Yadda Baba ya ce." Ya karɓi wayarsa ya fita.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi. Haka na ce wa kaina, na kuwa ji daɗin faɗar.

Asabar, 15 ga Oktoba

Na gama. Gaba na sa mata amortisa masu laushi da na samu a Maraɗi. Baya kuwa na yi mata irin tamu: rasor masu kauri na motar kaya, na cusa guntayen taya a tsakanin zoben, kamar yadda nake yi wa direbobin mai. Bayan motar ya ɗaga da yatsa huɗu. Na hau na yi tsalle a kai, ko motsi. Direbobi suka yi ta cewa Illo sai kai. Tsofaffin rasor ɗinta na ba wa maƙeri, ya yi kurfin noma da su.

Lahadi, 16 ga Oktoba



Da hantsi na ɗauki motar ni kaɗai in gwada aikina a hanyar Gabi. A miƙe lafiya lau, sai dai bayan yana ɗan tsalle a kan gargada. Na iso kwanar nan ta wajen tsamiya. Ban kai tamanin ba, wallahi ban kai ba. Ina karya bolan, abin tuƙin, sai na ji bayan motar ya bar ni. Kamar wani ya sa hannu ya ture ta daga gefe. Na ga tsamiya ta gilashin gefe tana zuwa, na ga gona, na sake ganin tsamiya. Da ta tsaya, hancinta na kallon inda na fito.

Na zauna a ciki ban san iya lokacin ba. Wata tsohuwa da ke roron wake ta ɗago ta ce, "Sannu, mai mota, ka ɓata hanya ne?"

Na dawo da ita kamar mai tuƙa amarya. Na share jar ƙasar da ta shiga tayoyin kafin kowa ya gani. Yaron ya tambaya ta bakin Inde yaya aiki. Na ce lafiya.

Na ce lafiya!

Litinin, 17 ga Oktoba

Ya tafi Maraɗi da ita. Ban ci abinci ba sai da na ji ƙarar injinta a bakin layi.

Talata, 18 ga Oktoba

Ɗan Baba ya kawo motarsa a duba burki. Shi ne tsohon direba a cikin masu ɗaukar mai, tare muka yi karatu a lakwal. Na yi kamar hira ce kawai, na tambaye shi yadda motar take in zai tafi ba kaya.

Ya yi dariya. "Kai kak ke ɗaure su ba ka sani ba? In babu kaya, wutsiya taka yi. Ba mu wuce hamsin a kwana. Ni kam buhun rairai nika sawa in za ni wofi. Kowa ya san wanga."

Kowa ya sani, sai mai ɗaurewa. Ni a cike nake ganinsu, a cike suke dawo mini suna godiya. Ban taɓa tuƙa ko ɗaya wofi da gudu ba. Rasor ɗin da aka yi don nauyin bido arba'in na ɗaura wa motar da ba abin da za ta ɗauka sai yaro ɗaya da wayarsa.

Sai Shu'aibu ya faɗo mini a rai, direban da ya kife shekara shida da suka wuce a hanyar Ɗan Issa, yana tafiya ɗauko kaya. Wofi yake. Mako guda kafin nan na ɗaure masa baya. Duk muka ce gudu ne, ni na fi kowa faɗa a wurin zaman makoki.

Allah ka yafe mini in da hannuna a ciki.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Na yi dabara. Na sa an auna gero buhu biyu daga na bana, na loda a kofur ɗin motar, ma'ajiyar kaya ta baya, daidai kan ƙafafun baya. Bayan motar ya sauka, ta zauna. Na kewaya da ita bakin tafki, ta yi hankali sosai.

Na aika Inde ta gaya masa sabon rasor yana son nauyi kafin ya zauna, kada a sauke buhunan sai na ce. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba rasor ɗin da ke zama don an ɗora masa gero.

Inde ta dube ni ta ce, "Motar gayu da buhun hatsi? Ko jaki yas sayo?" Amma ta kai saƙon. Ya ce to.

Kalma nawa ce? Aikina bai yi ba, a cire. Na jera su a bakina ina wanke hannu, na ji sun fi buhunan nauyi.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Daga masallaci na ji wani labari. Hasan, abokin yaron, zai yi aure a Gabi ranar Asabar ta sama, kuma samari sun shirya wasan mota a filin ƙwallo bayan la'asar. Jar motar ce za ta buɗe fili. Har an fara yi mata kirari.

Na san wasan nan. A taka mai, a karya bolan, mota ta juya a wuri ɗaya, jama'a sun yi zobe, yara a gaba-gaba don su fi kowa gani. Da lafiyayyar mota ma ana addu'a.

Kwana takwas.

Litinin, 24 ga Oktoba

Na je wurin maƙeri ko tsofaffin rasor ɗin na nan. Ya nuna mini kurfi shida da wuƙar yankan kara, yana ta yabon ƙarfen.

Na ja Ɗan Baba gefe na ce ya sa wani ya sayo mini kayan nan na Kano a ɓoye, in canza ba wanda ya sani. Ya buga waya a gabana. Mutumin ya ce irin motar kashi-kashi ce, sai an ba shi lambobin kayan, in ba haka ba zai aiko abin da ba zai shiga ba.

Lambobin suna cikin wayar yaron. Wayar da na ƙi ko dubawa.

Ɗan Baba ya ce, "To ka tambaye shi mana. Ɗanka ne, ba ɗan duwan na kan iyaka ba."

Na ce zan gani. Ya girgiza kai ya ce girman kai rawanin tsiya, ya shiga motarsa. A gaban yaran direbobi ya faɗa, bai ko rage murya ba.

Laraba, 26 ga Oktoba

Saura kaɗan in faɗa. Na sami yaron da safe yana goge motar a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na tsaya a kansa, bakina ya buɗe.

Abin da ya fito shi ne, "Buhunan na nan?"

Ya ce, "Suna nan, Baba."

Na ce, "Kak a taɓa su." Na wuce.

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, kamar shi ma da magana a bakinsa. Sai ya mayar da kai ga tsummansa.

Ina tsoron ya mutu. Na rubuta, ga shi. Ina tsoron in wanke ɗana da hannun da ya ɗaura masa ajalinsa, mutane suna cewa gudu ne, ni ina gyaɗa kai.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Na leƙa kofur sau uku yau. Suna nan. Da nauyin nan za ta riƙe, in Allah ya so. Bayan biki zan faɗa, na yi alkawari.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Jiya na yi azahar a garaji na dawo gida. Ina shiga zaure na yi tuntuɓe da abu. Buhu biyu, an jingine su da bango a tsanake. Na san su ko a mafarki, da ɗinkin baƙin zare a baki.

Inde ta fito ta ce abokan ango ne suka sauke da safe, lokacin da suka zo wanke motar su yi mata ado, shi yana can wurin ɗaurin aure. Wai sun ce kwana tara ya isa kowane rasor ya zauna.

Ƙaryata ce ta dawo mini da ƙafafunta.

Na buga wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ban san yadda na isa tasha ba, takalmi ɗaya a ƙafata. Ɗan Baba na shan shayi. Bai tambaye ni komai ba, ya dubi fuskata kawai ya tashi mota. Motarsa wofi ce, ga ni ina ce masa taka, taka, shi kuwa kowace kwana sai ya rage zuwa hamsin. Na zage shi. Ya ce, "Kai kad ɗaure ta, Illo. Zauna."

Tun daga nesa muka ji kiɗa da ihu. Filin ya cika, zobe guda, mata ta gefen gabas da kwanonin biki, yara zaune a ƙasa a gabansu. Jar motar tana tsakiya da furannin roba a goshi. Ta riga ta fara.

Zagayen farko a hankali ya yi, na ga haka da idona. Amma samari suna ta buga ƙafa suna kiran a ƙara. Ya ƙara. Na ga bayan ya yi tsallen nan da na sani, ƙafar hagu ta bar ƙasa. Na kutsa cikin mutane ina ture su ina ihu, ban san abin da nake cewa ba.

Bayan motar ya tafi. Ta juya sau ɗaya, jama'a na tafi don sun ɗauka wasan ne. Ta juya na biyu, ta fita daga tsakiya tana ja da baya, tana nufar gabas, wurin yaran. Na ga wata 'yar yarinya da kallabi rawaya tana riƙe da alawa, ba ta ko tashi ba.

Ƙarfen gola ne ya tare ta. Bayan motar ya daki ƙarfen, ƙarfen ya lanƙwashe, ta tsaya. Tsakanin tayar da ƙafar yarinyar bai kai taku biyu ba. Na auna daga baya, na koma na auna da ƙafata.

Sai wurin ya fashe. Maza suka buɗe ƙofa suka jawo shi ta wuyan riga. Goshinsa ya tsage, jini har ido. Wani ya kwaɗa masa mari. Kawun ango yana ihu, "Ɗan mai gyaran mota, tuƙi ma bai iya ba! Ka zo ka kashe muna ɗiya ranar biki?"

Yaron bai kare kansa ba. Ya ce, "Laihina ne. Hannuna ne ya kuɓuce." Yana faɗa yana kallona, ya ganni sarai.

Ban yi shawara da kaina ba, da na yi da ban faɗa ba. Na shiga tsakaninsu na riƙe hannun mai marin. Na ce, "Ku sake shi. Ba hannunshi ba ne, nawa ne. Ni na ɗaure bayan motag ga irin na motar kaya. Na gwada ta, ta juye da ni a kwanar tsamiya, na ɓoye. In duka za ku yi, ga ni."

Akwai direbobi a wurin, mutanen da shekara da shekaru suke kawo mini motocinsu. Duk sun ji. Ba wanda ya dake ni, da ma sun daka da ya fi mini sauƙi. Uwar yarinyar ta ɗauki 'yarta ta wuce ta gabana, ta tofar da yawu a gefe.

An yi masa ɗinki huɗu a gidan likita. Motar muka jawo da igiya.

Talata, 1 ga Nuwamba

Na je Gabi na ba iyayen yarinyar haƙuri, da gidan su ango. Sunan yarinyar Nana. Ta nuna mini inda ta kuje gwiwa da aka fizge ta.

Da na dawo Inde ta zaunar da ni kamar yadda take yi tun muna yara. Ta ce tun ranar da ya je Maraɗi yaron ya gaya mata motar na wutsiya. Ya kuma san maganar rasor ya zauna ba gaskiya ba ce, ya gane dalilin buhunan, shi ya sa bai taɓa su ba. Bai san an sauke ba sai da ya shiga fili ya ji motar ta yi sakayau, ga jama'a sun riga sun yi zobe.

Na ce, "To mi ya hana shi hwaɗi?"

Ta ce, "Abin da ya hana ka. Ya ce ta ina zai dubi Baba ya ce aikinshi bai yi ba? Kai kana jin kunyatai, shi yana jin taka, kun kusa kashe ɗiyar mutane da kunya. Ni kuma na gaji da zama wayarku."

Har da cewa wai a filin nan sunansa na yi ta kira, sau uku, har Gabi ta ji. Na ce ban yi ba. Ta ce Ɗan Baba shaida ne.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Mota ɗaya ce ta shigo garaji yau. Na gaya wa mai ita in zai tafi wofi ya sa rairai. Ya ce ya sani.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Kayan Kano sun iso jiya. Ni na tambayi lambobin, ba ta bakin kowa ba. Ba wani abu ba ne, aiki ne ya kama.

Yau muka ɗaura. Na ciro rasor ɗina da guntayen taya na jefa bayan garaji. Sabbin sirara ne, a ido ba ka ce za su riƙe komai ba. Shi yana riƙe da waya yana karanto wanne ne na dama, wanne na hagu, ni ina ƙarƙashi. Da na zo ɗaure manyan kusoshi ya ce, "Baba, wai sai an sauke ta daga kirik ɗin da ya ɗaga ta, ta tsaya da nauyinta, sannan a ƙarasa ɗaurewa." Shekara talatin a sama nake ɗaurewa. Na sauke ta. Ban ce yana da gaskiya ba, na dai sauke ta.

Na danna baya, ta sauka ta dawo sau ɗaya ta tsaya. Na danna gaba, haka. Tabon goshinsa ya fara bushewa, amma zai zauna.

Gero ya koma rumbu. Buhu ɗaya na aika gidan marigayi Shu'aibu, ban faɗi dalili ba.

Inde na nan kan bakanta game da abin da wai na kira a fili. Ni dai ban ji ba, ihu ya yi yawa.

Gobe da hantsi za mu gwada ta a kwanar tsamiya, a hankali, kofur wofi. Ya miƙo mini makulli ɗazu, na ce ya riƙe. Sadiƙ ne zai tuƙa, ni zan zauna a gefensa.